Tsofaffin hotunan koguna, gadoji da masana'antu

1. Ɗaki mai duhu

Yara, wa ya taɓa kwanciya da rana tsaka cikin ɗakin ƙasa, ƙofa rufe? In akwai ƴar huda jikin ƙyaure, haske yana shigowa ta nan. Ku dubi bangon da ke fuskantar hudar. Wani lokaci za ku ga surar abin da ke waje: itace, ko mutum yana wucewa. Amma kansa yana ƙasa, ƙafafunsa suna sama. Wannan ba aikin aljannu ba ne. Haske ne ke tafiya miƙe kamar zaren da aka ja. Hasken da ya taso daga kan mutum ya bi ta huda ya sauka gindin bango. Wanda ya taso daga ƙafa ya bi ta huda ya hau sama.

Shekaru wajen 1000 da suka wuce, wani masani mai suna Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna Alƙahira, ya bayyana wannan abu. Akwatin ɗaukar hoto ba kome ba ne sai ƙaramin ɗaki mai duhu. Abin da ya daɗe yana gagarar mutane shi ne: ƙaƙa za a kama wannan sura ta zauna, kada ta ɓace?

Wani Bafaranshe, Nisefor Niyeps (Nicéphore Niépce), shi ya fara cin nasara wajen 1827. Ya shafa wani irin kwalta bisa farantin kuza, ya sa cikin akwati, ya ajiye bakin tagar gidansa. Haske ya yi awoyi masu yawa yana aiki. Inda ya bugi kwaltar sai ta taurare. Inda bai buga ba, aka wanke ta fita. Hoton rufin gidaje ya fito dishi-dishi.

Niyeps ya rasu a 1833. Abokin aikinsa Luwi Dager (Louis Daguerre) ya ci gaba da farantin tagulla mai rufin azurfa. Ran 19 ga Agusta 1839 aka bayyana ma duniya dabararsa a birnin Pari. Hoton Dager yana da kyau ƙwarai, amma guda ɗaya tak ne, ba ya haihuwa. A 1841 wani mutumin Ingila, Henry Fox Talbot, ya fito da uwar hoto ta takarda. A jikin uwar hoto fari ya kan zama baƙi, baƙi ya zama fari. Daga uwa ɗaya ana iya fid da ƴaƴa masu yawa.

2. Gada ba ta motsi

Yau da wayar salula, kafin ka ƙifta ido an ɗauki hoto. A da ba haka ba ne. Sai an buɗe idon akwati, a jira daƙiƙoƙi masu yawa, wani lokaci har mintoci. Duk abin da ya motsa cikin wannan jira ba ya fitowa sosai. Yaro ba ya zama wuri ɗaya. Doki yana kaɗa wutsiya. Amma gada ba ta motsi, ginshiƙi ba ya gajiya. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa masu hoton farko suka so gine-gine.

Wannan doguwar jira ta bar alamomi uku. In kun san su, za ku gane tsohon hoto.

Alama ta ɗaya, ruwa. Kogi yana gudu, amma a hoto sai ya fito sumul kamar nono cikin ƙwarya. Igiyoyin ruwa duk sun narke cikin juna.

Alama ta biyu, sama. Maganin hoto na wannan zamani yana saurin shan haske mai launin shuɗi. Kafin ƙasa ta fito, sama ta riga ta ƙone, ta zama fari fat, ba gajimare. Don haka ne wani gwani, Gustab Lagire (Gustave Le Gray), a 1856 da 1857 ya kan ɗauki uwar hoto biyu a bakin teku, ɗaya ta ruwa, ɗaya ta sama, ya haɗa su bisa takarda guda.

Alama ta uku, mutane. Wanda ya wuce da sauri ba ya fitowa ko kaɗan. Wanda ya ɗan tsaya ya tafi, sai ya bar inuwa kamar fatalwa. A 1838 Dager ya ɗauki hoton wani babban titi na Pari. Titin yana da karusai da masu tafiya, amma a hoto sai ka ce an yi shara. Mutumin da ya fito sosai shi ne wanda ya tsaya ana goge masa takalmi.

Akwai dalili na biyu. Hoto ya zo daidai da zamanin injin tururi. Ƙasashen Turai suna shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, suna gina gadoji, suna haƙa hanyoyin ruwa. Gwamnati da kamfanoni suna son shaida. Mai zane yana iya ƙara abin da babu. Hoto kuwa ya kan nuna duwatsu ɗaya ɗaya, har a ƙidaya su. Injiniya yana zaune ofishinsa ya ga inda aiki ya kai. Gani ya kori ji.

3. Kayan mai hoto

Mai hoto na da ba ya fita hannu sake. Yana da babban akwatin katako, da ƙafafu uku na ɗora shi, da baƙin ƙyalle na rufe kai, da kwalaben magani. A 1851 aka fito da uwar hoto ta gilashi. Ta fi ta takarda nuna abu dalla-dalla, amma tana da wuya. Sai an shafa ma gilashi magani cikin duhu, a ɗauki hoto, a wanke, duk kafin maganin ya bushe, watau cikin minti 15 ko ƙasa da haka. Dole mai hoto ya tafi da ɗakin duhunsa, ko tanti, ko keken doki.

Sa'an nan ba a faɗaɗa hoto kamar yanzu. Ana ɗora uwar hoto bisa takarda mai magani, a shanya a rana. Girman uwa shi ne girman ɗa. Mai son babban hoto sai ya ɗauki babban gilashi. Takardar kuwa galibi da farin ƙwai a ke shafe ta. Ita ce ke ba tsofaffin hotuna launin nan mai kama da ƙasa-ƙasa.

Saboda haka kowane hoto aiki ne na yini. Mai hoto ya kan zaga wuri, ya zaɓi inda zai tsaya, ya jira rana ta karkata. In kun ga tsohon hoto, ku san ba da gaggawa aka ɗauke shi ba.

4. Baldus da ambaliyar kogin Ron

Eduwar Baldus (Édouard Baldus) an haife shi a ƙasar Jamus ta yanzu a 1813, ya yi aikinsa a Faransa. A 1851 hukuma ta zaɓi masu hoto biyar su zaga ƙasa, su ɗauki tsofaffin gine-gine. Baldus yana cikinsu, ya nufi kudu.

Cikin abubuwan da ya ɗauka a kudu akwai gadar Gar (Pont du Gard). Rumawa suka gina ta kusan shekaru 2000 da suka wuce. Tsayinta metir 49, hawa uku, baka bisa baka, irin bakan gizo na soro. A zamanin da, ruwan sha ne ta ke ƙetarar da shi bisa kogi zuwa birnin Nim. A 1855 kuma Baldus ya ɗauki tashoshi da gadojin hanyar jirgin ƙasa daga Pari zuwa Bulon. Aka haɗa hotunan cikin babban littafi, aka ba Sarauniya Biktoriya ta Ingila kyauta.

Amma aikinsa da ya fi shafarmu shi ne na 1856. A watan Mayu na wannan shekara ruwan sama ya yi ta zuba kwana da kwanaki. Kogin Ron ya cika ya batse. Daren 30 wayewar 31 ga wata, ya fasa madatsa a birnin Liyon, ya shiga unguwannin gabas, inda ma'aikata da talakawa su ke zaune. Gidaje da yawa a can na ƙasa ne. Kun san abin da ruwa ya ke yi ma katangar ƙasa in ya kwana gindinta. Sai ta jiƙe daga ƙasa, ta zauna. Haka gidaje suka yi ta zubewa. Ruwan ya gangara kudu, ya mamaye Abinyon da Taraskon.

A watan Yuni gwamnati ta aiki Baldus ya ɗauko hoton ɓarnar. Ya tafi da uwar hoto ta takarda, wadda ba ta da nauyi, ba ta kuma fashewa. A hotunan Liyon ana ganin ɓaraguzai, da bangayen da suka tsage, da katakon rufi a zube. A na Abinyon ruwa ya shimfiɗu har iyakar gani, ya kwanta lif, kawunan itatuwa kaɗai ke nuna inda gonaki su ke.

To, ku lura da abu guda. Mutane dubbai sun rasa wurin kwana. Amma a hotunan ba mai kuka, ba mai gudu da kaya a kai. Don mi? Kun riga kun san rabin amsa: mai motsi ba ya fitowa. Sauran rabin kuwa zaɓin mai hoto ne. Baldus ya juya akwatinsa wajen gidaje da ruwa. Duk da haka, wanda ya dubi bangon da ya faɗi ya san akwai mai ɗakin. Shirun hoton shi ke sa mai kallo ya yi tunani.

Bayan ambaliyar, hukumar Liyon ta hana ginin ƙasa cikin birnin. A 1858 Faransa ta kafa dokar yin ayyukan kare birane daga ambaliya. Hotunan Baldus suna nan har yau a gidajen tarihi, suna nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa.

5. Gadar Forth

Ran 28 ga Disamba 1879, da dare, iska mai ƙarfi ta karya gadar kogin Tay a Sukotlan, arewa da Ingila. Jirgin ƙasa yana bisa. Ya faɗa ruwa, ba wanda ya tsira. Masu bincike suka sa aka ɗauki hoton karyayyun ginshiƙai, don a gane inda kuskure ya ke.

Mutane suka tsorata da dogayen gadoji. Ga shi kuwa ana son wata gada, wadda ta fi wannan wuya, bisa mashigin ruwa na Forth, kusa da birnin Edinbara. Injiniyoyi biyu, John Fowler da Benjamin Baker, suka kawo wata dabara.

Kun san ɗan ga-ruwa. Sanda tana bisa kafaɗarsa, gwangwani gaba, gwangwani baya, nauyin wannan yana riƙe wancan. Haka gadar Forth ta ke. Tana da manyan hasumiyoyi uku na ƙarfe. Kowace ta miƙa hannu biyu, ɗaya nan, ɗaya can. Tsakanin hannun wannan da hannun waccan aka rataya guntuwar gada.

Don jama'a su gane, a 1887 aka ɗauki wani hoto mai ban dariya da ban ilimi. Mutum biyu suna zaune bisa kujeru, sun miƙa hannuwansu dama da hagu, suna riƙe da sanduna da aka tokare jikin kujerun. A gefe biyu na waje an ɗaura igiya da tarin tubali. A tsakiya wani matashin injiniya ɗan Japan, Kaichi Watanabe, yana zaune bisa katako, ba abin da ke ƙarƙashinsa. Hannuwan mutanen suna jin ja, sandunan suna jin danna. Hoto ɗaya ya bayyana abin da dogon jawabi zai sha wuyar bayyanawa.

Wani injiniyan aikin, Evelyn Carey, shi aka ba ɗaukar hoton ginin daga farko har ƙarshe. In aka jera hotunansa, sai a ga gada tana girma kamar itace. Da fari gindi cikin ruwa. Sa'an nan hasumiya ta tashi sama, metir 110. Sa'an nan hannuwa suna miƙewa bisa ruwa, wata bayan wata, har suka gamu. Ku duba da kyau bisa ƙarafan, za ku ga ɗige-ɗige kamar tururuwa. Mutane ne. Da ba su cikin hoton, da ba mu san girman gadar ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, in an ba shi abin gwadawa.

An buɗe gadar ran 4 ga Maris 1890. Tsawonta metir 2467. Ta ci ƙarfe fiye da tan 50,000. A lokacin da aiki ya fi zafi, ma'aikata sun kai 4600. Wasu sun faɗo, wasu sun nutse, wasu ƙarfe ya danne su. A 2012 aka kafa abin tunawa mai ɗauke da sunayen mutum 73 da suka mutu wajen aikin. Har yau jiragen ƙasa suna bi ta bisanta.

6. Wa ya yi aikin?

A watan Nuwamba 1857 wani saurayi mai hoto, Robert Howlett, ya je bakin kogin Tamiz a Landan. Ana ƙera wani jirgin ruwa na ƙarfe mai suna Great Eastern. Tsawonsa metir 211, babu kamarsa a zamaninsa. Howlett ya tsai da injiniyan jirgin, Isambard Brunel, gaban sarƙoƙin da za su riƙe jirgin wajen tura shi ruwa. Ga Brunel da doguwar hula, taba a baki, hannuwa cikin aljihu, wando da takalmi duk laka. Bayansa ba kome sai sarƙa, kowane ƙulli ya fi kansa girma. Jirgin ba ya cikin hoton. Amma wanda ya ga sarƙar ya san abin da ta ke riƙe ba ƙarami ba ne. Wannan dabara ce ta gwani: a nuna yanki, mai kallo ya cika sauran.

Mun san sunan Brunel. Waɗanda suka ƙera sarƙar fa? Wannan tambaya ta kamata kowane hoton babban aiki.

Ga misali daga Masar. An haƙa mashigin Suwez daga 1859 zuwa 1869, tsawon kilometir 164, don jirage su wuce daga Bahar Rum zuwa Bahar Maliya ba tare da zaga Afirka ba. Hotunan aikin suna nuna manyan injunan haƙa masu tururi, da ruwa miƙe tsakiyar hamada. Suna da kyan gani. Amma a shekarun farko manoman Masar ne aka kwaso da ƙarfi, suka yi haƙa da diga, suka kwashe rairayi da kwanduna. Sai da aka hana wannan aikin tilas wajen 1864 injuna suka yawaita.

Hoton masana'anta, wadda mu ke ce ma izin, shi ma haka ne. Yana nuna dogayen bututun hayaƙi da tarin gawayi. Ba ya kawo ƙara, ko zafi, ko warin hayaƙi. Sai wani malamin makaranta na Amurka, Lewis Hine, ya shiga da akwatinsa ciki. Daga 1908 ya yi ta ɗaukar hoton yara masu aiki a masaƙun auduga da wuraren haƙar gawayi. Wasunsu tsaranku ne. Wasu sai sun taka jikin inji kafin hannunsu ya kai zare. Ya kan rubuta shekarun yaro da irin aikinsa. Hotunansa sun taimaki masu faɗa da bautar da yara. A 1938 Amurka ta kafa dokar ƙasa da ta hana sa ƙananan yara irin wannan aiki.

7. Kogin Isa

Kogin Isa, wanda a ke kuma ce ma Kwara, shi ma ya shiga akwatin masu hoto. Can bakin teku, inda kogin ya rarrabu, wani ɗan Afirka mutumin Boni, Jonathan Adagogo Green, ya yi sana'ar hoto har rasuwarsa a 1905. Ya ɗauki sarakuna, da jiragen ruwa, da wuraren cinikin manja.

Wani Bafaranshe mazaunin Dakar, Edmon Fortiye (Edmond Fortier), ya bi kogin a 1905 da 1906, ta Bamako da Segu da Mopti har Tumbutu. Aka buga hotunansa bisa kati, Turawa suna aika ma danginsu ta gidan waya. A hotunan wannan zamani ana ganin manyan kwale-kwale waɗanda aka ɗinke katakonsu da igiya, da masunta, da fatake bakin gaɓa. Suna da amfani ƙwarai ga mai neman tarihi. Amma ku tuna, zamanin mulkin mallaka ne. Baƙo ne ya zaɓi abin da zai nuna, shi ya rubuta bayani a ƙasan kati. Mutanen da ke ciki, galibi ba a faɗi sunansu ba.

A Markala, cikin ƙasar Mali, an gina ma kogin madatsa mai gada a bisa, daga 1934 zuwa 1947. Da yawa cikin maginanta an kwaso su ne daga ƙauyuka ba da sonsu ba. Sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka.

A Yamai kuwa, kafin 1970 ba gada. Mutane da motoci da dabbobi sai su jira jirgin fito. A wannan shekara aka buɗe gadar Kennedy, mai tsawon metir 710. Ta biyu ta zo a 2011, ta uku a 2021. Wanda ya ga hoton bakin kogi na kafin gada, ya gwada da na yanzu, zai gane yadda gada ta ke jawo gari ya ƙetare ruwa.

8. Ƙaƙa a ke kallon tsohon hoto?

Kada ku yi masa kallo ɗaya ku wuce. Ku yi masa tambayoyi biyar.

Ina mai hoto ya tsaya? Bisa tudu, ko bakin ruwa, ko ƙarƙashin gada? Daga ƙasa gada ta kan yi kwarjini. Daga sama a kan ga inda ta fito da inda ta nufa.

Daga ina haske ya fito? Ku bi inuwa. Gajeriyar inuwa rana tsaka ce, doguwa safiya ce ko marece. Hasken gefe shi ke fid da kowane dutse.

Ina layuka su ke kai ido? Hanyar jirgi da gaɓar kogi su kan ja ido zuwa nesa. In ruwa ya kwanta, bakan gada da inuwarsa su kan haɗu su yi da'ira.

Mi ke nuna girma? Ku nemi mutum, ko jaki, ko kwale-kwale.

Wa ya sa aka ɗauka, mi kuma aka bari waje?

Tsohon hoto yana da magabta: gara, da laima, da rana, da hannu mai maiƙo. Wanda gara ta ci ya tafi ke nan. A damanar 2020 kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Yamai. A ta 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a jihar Maradi. A watan Satumba na wannan shekara tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya faɗi. Mai son sanin yadda ya ke a da, sai ya nemi hoto, ko ya tambayi wanda ya gani.

Wataƙila cikin akwatin kakarku akwai hoton gulbi, ko tasha, ko kasuwa, ko dalar gyaɗa. Ku roƙe ta ta nuna muku. Ku riƙe shi ta gefe, da hannu mai tsabta. Ku tambaye ta: su wa ke ciki, ina ne, wace shekara? Ku rubuta amsar a bayan hoton da fensir, a hankali. Sa'an nan a sa shi cikin ambulan, a ajiye wuri busasshe, nesa da ƙasa. Ran da kaka ba ta nan, rubutunku ne zai yi magana.

Kalmomi

Uwar hoto: takarda ko gilashi inda hoto ya ke fara fitowa, fari a matsayin baƙi.
Madatsa: ginin da a ke yi don tare ruwa.
Ambaliya: cikar ruwa har ya fita daga hanyarsa.
Mashigi: hanyar ruwa wadda jirage su ke bi.
Jirgin fito: jirgin da ke ƙetarar da mutane da kaya.
Aikin tilas: aikin da a ke sa mutum da ƙarfi, ba da yardarsa ba.

Tambayoyi

1. Don mi sura ta ke juyewa cikin ɗaki mai duhu?
2. Ku faɗi alamomi uku na tsohon hoto.
3. Don mi gidajen gabashin Liyon suka zube a 1856?
4. Mi ya haɗa gadar Forth da ɗan ga-ruwa?
5. Da metir nawa gadar Forth ta fi gadar Kennedy tsawo?
6. Shekara nawa aka yi ana haƙar mashigin Suwez?
7. A ganinku, don mi Lewis Hine ya ke rubuta shekarun yaran da ya ɗauka?

Aiki

Ku samo gwangwani marar murfi. Ku huda gindinsa da ƙaramar ƙusa, huda ɗaya. Ku shafa ma farar takarda ɗan man gyaɗa, ku rufe bakin gwangwanin da ita, ku ɗaure. Ku lulluɓe kanku da bakin gwangwanin da zane mai duhu, ku juya hudar wajen itace ko ƙofa mai haske. Kada ku juya ta wajen rana. Ku zana abin da kuka gani cikin kayenku, ku kawo ma malam.